Matsaloli 600, uwa ɗaya uba ɗaya

Aikina na farko bayan na kammala karatun lissafi da kwamfuta, a wani kamfani na same shi mai lura da lafiyar manyan injunan wata masana'anta. Ba zan kama sunansa ba, don kurakuran da ke cikin labarin nan nawa ne, ni na tafka su da hannuna. An maƙala wa injunan na'urorin awo guda 600, wasu na auna zafi, wasu girgiza, wasu matsin mai. Abin da aka ɗora mini shi ne kowane dare in sa kwamfuta ta gina wa kowace na'ura ma'aunin hasashe: idan nauyin aikin da masana'antar ke ja kaza ne, zafin waje kaza ne, ƙarfe kaza ne, me ya kamata na'urar ta nuna? Washegari in abin da ta nuna ya yi hannun riga da hasashen, sai a tura makanikai su duba.

A wurin masu lissafi, kowace na'ura matsala ce ta neman amsa mafi kyau. Akwai lambobin da ba ka sani ba, akwai ma'aunin kuskure, kai kuma kana laluben lambobin da za su kai kuskuren ƙasa iyakar iyawa. Tawa kowace ɗaya tana da lambobi 20,000 da ake nema, kuma kafin a same su sai an kwance wani ƙaton jadawali mai layi 20,000 a kwance da 20,000 a tsaye, wanda ake kira matiriks. Na rubuta manhaja irin wadda kowane ɗalibi zai rubuta: ɗauki na'ura ta farko, gina jadawalinta, warware, ajiye amsa, ɗauki ta biyu. Kowace na cin kusan minti ɗaya. Minti 600 kuwa awa goma ke nan. Nakan tayar da aikin da ƙarfe takwas na dare, in kwanta ina fatan kada wani abu ya katse shi kafin shida na safe. Ranar da ya katse, makanikai su wuni babu rahoto, ni kuma in wuni ina ba da haƙuri.

Wata bakwai na yi a haka. Har takarda na rubuta mai shafi uku ina neman a sayo mini kwamfuta mafi ƙarfi, ina ji da kaina wai na kawo hujjoji.

Takardar ta faɗa hannun shugabar sashenmu, wata dattijuwa marar yawan magana da kowa ke kira Malama. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kujera ta jawo ta zauna kusa da ni.

"Ƙanena, buɗe mini jadawalin na'ura ta ɗaya." Na buɗe. "Buɗe na ta biyu." Na buɗe. "To, ɗebe wannan daga wancan mu ga abin da zai rage."

Na buga umarnin. Allon ya cika da sifili, daga sama har ƙasa, daga hagu har dama. Na gangara, sifili. Na ƙara gangarawa, sifili.

"Ranki ya daɗe, wataƙila waɗannan biyun ne kawai suka yi daidai."

"Gwada ta 300 da ta 599."

Sifili ne dai. A nan gumi ya karyo mini, ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Jadawalin nan daga yanayin awo ake gina shi, wato lokaci da nauyin aiki da zafin waje, kuma duk na'urorin a lokaci guda ake karanta su. Ashe jadawali ɗaya ne tal. Abin da ya bambanta na'ura da na'ura jerin lambobin da kowace ta auna ne kawai.

Malama ta miƙe tana cewa, "Kwamfutar ba ta gaza ba. Kai ne kake haɗuwa da mutum ɗaya sau 600 a dare guda, kowane karo kana tambayarsa sunansa."

Abin takaicin, maganin na cikin karatun da na ci jarrabawarsa. Akwai hanyar Cholesky, wani hafsan sojan Faransa mai aikin safiyo da taswira, wanda ya rasu a fagen yaƙi a 1918, aka buga hanyar tasa a 1924 bayan ba ya raye. Ana tsaga jadawalin ne gida biyu masu siffar alwatika, kuma wannan tsagawar ita ce mai cin rai: ga jadawali irin nawa, lissafi kusan tiriliyan 2.7 take buƙata. Amma da zarar an tsaga, fitar da amsa ga kowane sabon jerin awo miliyan 800 ne kacal. Tazarar ta haura ninki 3,000. Ni kuwa kowane dare ina biyan kuɗin tsagawar sau 600, ina zubar da ita a shara bayan amfani ɗaya. Na gyara manhajar a yammacin ranar, layin da na taɓa bai kai goma ba. Na tsaga sau ɗaya, na jera awon na'urori 600 gefe da gefe na miƙa su a dunƙule. Aikin awa goma bai kai minti uku ba. Na zauna ina kallon allon, na kasa tantance ko murna nake ko kunya.

Daga ranar idona ya buɗe, na fara ganin dangi a ko'ina.

Ba a jima ba aka ce mu gano waɗanne ma'aunai ne, irin su nauyin aiki da zafin waje, da gaske suke tasiri a kan kowace na'ura, domin an tara mana ɗaruruwa kuma yawancinsu hayaniya ce. Muka ɗauki hanyar lasso, wadda Robert Tibshirani ya fito da ita a 1996. Tana da wata lamba guda da ni nake kira linzami. In ka ja linzamin da ƙarfi, sai lissafin ya watsar da ma'aunai ya bar 'yan kaɗan. In ka sassauta, sai su riƙa shigowa. Babu wanda ya san tun farko inda ya kamata a tsayar da linzamin, don haka akan gwada matsayi 100, kuma a raba bayanan kashi goma ana gwaji da kowane kashi don a ga wanne matsayi ne ya fi iya hasashen abin da bai gani ba. Matsala 1,000 ke nan ga na'ura ɗaya, 600,000 ga dukkansu. Da a da ne, da na sake zama rubuta takardar neman kwamfuta.

Dabarar a nan ta fi ta farko daɗi, kuma har yau in na tuna ta sai na yi murmushi. Akwai matsayin da in ka ja linzami ya kai can, amsar sananniya ce ba tare da wani aiki ba: duk ma'aunan sifili ne. To daga nan za ka fara. Ka ɗan sassauta kaɗan, amsar sabuwar matsalar tana nan dab da ta baya, taki biyu ko uku ka isa. Ka ƙara sassautawa, ka tashi daga inda ka tsaya. Haka za ka yi ta gangarowa, kowace amsa tana zama matakalar mai bi mata. Mu a ofis ɗori muke ce wa wannan, kishiyarsa kuma farawa daga tushe. Manhajar glmnet da Friedman da Hastie da Tibshirani na Jami'ar Stanford suka bayyana a 2010 a kan wannan take tafiya. Na gwada da hannuna na ga abin da da farko na ƙi yarda da shi: sau da yawa bin dukkan matakalai 100 ya fi sauri a kan a yi tsalle kai tsaye zuwa ta ƙarshe daga tushe. Ka warware ɗari, ka riga wanda ke warware ɗaya gamawa.

Da na ƙara tonawa sai na tarar abin ya wuce haka. Hanyar da amsar lasso ke bi yayin da ake sassauta linzami miƙaƙƙun layuka ne da aka jona, ba ta lanƙwasa sai inda wani ma'auni ya shigo ko ya fita. Osborne da abokan aikinsa sun nuna haka a 2000, Efron da nasa abokan suka ƙara fito da shi fili a 2004. Ma'ana in ka san mahaɗun, ka san amsar kowane matsayi da ke tsakaninsu, har waɗanda ba ka taɓa tambaya ba. Kuma tunanin tsoho ne. Gass da Saaty sun yi irinsa a 1955, Harry Markowitz kuma ya yi amfani da shi a 1956 wajen fitar da dukkan haɗin hannayen jari mafi dacewa tsakanin riba da haɗari, tun kwamfuta tana cika ɗaki guda. Ina ganin ƙarancin ƙarfin injin ne ya hana mutanen wancan zamani almubazzarancin da ni na yi wata bakwai ina yi.

Ko da aka ba ni tsara jadawalin gyara, wato wane inji za a tsayar a wane mako, dangin na sake tararwa. Matsala ce ta e ko a'a, kuma hanyar da Ailsa Land da Alison Doig suka kawo a 1960 ita ce a yi ta raba ta rassa, kowane reshe bai bambanta da uwarsa ba sai da sharaɗi ɗaya. Manhajojin da ke wannan aiki sukan warware dubban rassa, kuma abin da ke ba su dama shi ne hanyar simfiles ta George Dantzig ta 1947, musamman juyinta da Lemke ya kawo a 1954, wanda ke ɗorawa daga amsar uwa ya kai ga ta ɗiya cikin 'yan taki. A nan ne kuma na fara cin karo da abin da ya ƙi ɗori. Hanyoyin da suka yi tashe bayan aikin Narendra Karmarkar na 1984 ba sa bin gefe kusurwa zuwa kusurwa kamar simfiles, ta tsakiyar filin amsoshin da sharuɗɗa suka yarda da su suke ratsawa. Amsar jiya kuwa a jikin bango take. In ka ajiye su a can sai su rasa wurin motsi, ribar da na samu ba ta taka kara ta karya ba. Wannan ya isa ya zame mini gargaɗi cewa ɗori ba ko'ina yake ci ba. Ban ji ba. Lokacin kaina ya riga ya kumbura, ana nuna ni a taro ana cewa ga wanda ya mai da awa goma minti uku.

Na'urorin girgiza su ne suka kai ni ƙasa. Lissafin miƙaƙƙen layi bai iya kama halinsu ba, sai muka koma irin lissafin nan mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ƙarami dai, ba irin manyan da ake ta yayi ba. Horar da shi daga tushe na cin lokaci, don haka ba tare da wani dogon tunani ba na ce kowane dare a tashi daga amsar daren jiya. Bayanan yau ai na jiya ne da ƙarin kwana ɗaya. Wane dangi ya fi wannan kusa?

Abin da na sani a takarda amma na mance a aikace shi ne, duk matsalolin da na yi nasara a kansu a baya siffar kwano gare su. Ƙasan kwano ɗaya ne. Ko daga ina ka saki ƙwallo can zai tafi, wurin farawa sauri kawai yake ƙara maka ko ya rage, ba ya sauya inda za ka ƙare. Wannan sabon lissafi kuwa ƙasa ce mai tuddai da kwaruruka barkatai. Inda ka fara shi ke yanke kwarin da za ka faɗa, kuma in ka faɗa, duk inda ka juya hawa ne, sai lissafin ya ɗauka ya iso. Na ƙara wa kaina da wani gangancin: na sa dokar tsayawa ta zama in taki bai rage kuskure da abin a zo a gani ba, a tsaya. Mai tashi daga amsar jiya kuwa takinsa na farko ma ɗan ƙanƙani ne. Sai manhajar ta riƙa yin taki biyu ko uku ta ce ta gama. Ina ganin aikin na ƙarewa cikin daƙiƙoƙi, ina ta yaba wa kaina.

Ana nan aka sauya wa wani inji boris da wani samfuri daban. Yanayin girgizarsa ya sauya gaba ɗaya, amsar da ta dace da shi ta koma wani kwari can nesa. Lissafina yana nan a kwarin da ya saba, yana ɗan gyara zama kowane dare. Hasashensa ya lalace, amma bai lalace yadda za a lura ba. Ga kuma inda gizo ke saƙar: iyakar da ke tayar da ƙararrawa daga girman kuskuren da aka saba gani ake lissafa ta. Da kuskuren ya ƙaru, sai iyakar ta buɗe da kanta. Ranar da matsala ta gaske ta fara a injin, girgizar ta yi ta hawa a cikin wannan faffaɗar iyaka, rahotona kuma kullum safiya yana cewa lafiya lau.

Wata ranar Laraba da rana injin ya cije. Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma wani sashe na masana'antar ya kwana biyu a tsaye. Shugaban makanikai ya shigo ofishinmu da rahotona na safiyar ranar a hannunsa, ya ajiye mini a kan tebur, bai ce uffan ba ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da daddare ina zaune ina bin bayanan, Malama ta leƙo za ta tafi gida. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Yaushe rabonka da ka warware na wannan injin daga tushe?"

Na duba. Wata biyar.

Ba ta ƙara komai ba, ta ce sai da safe. Ni kuwa a ofis na kwana. Na ɗauki bayanan makonnin baya na horar da lissafin daga tushe sau ashirin, kowane karo daga wurin farawa daban da aka zaɓa da ka. Mafi yawansu suka sauka inda kuskuren bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda nake ta ɗorawa a kai ba. Na ɗauki mafi kyawunsu na bi da shi kwanakin da suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Da shi ke aiki, da ƙararrawa ta kaɗa kwana tara kafin injin ya cije. Na ƙirga kwanakin nan sau uku ko zan samu sun ragu.

Kafin gari ya waye na yi wani gwajin da har yau nake yi wa duk wani ɗori. Na bi kwanakin daga farko zuwa ƙarshe ina ɗorawa, sannan na juyo daga ƙarshe zuwa farko. Ga rana ɗaya, bayanai ɗaya, amsa biyu mabambanta, ya danganta da ta inda na biyo. A matsala mai siffar kwano, in an bar lissafi ya kai ƙarshe, kuskuren da za a samu ɗaya ne ko ta ina aka zo. Ganin lambobi biyun nan gefe da gefe ya koya mini abin da laccoci ba su koya mini ba.

Da safe na je na faɗa wa Malama komai, ban rage ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, laifina ne, kuma a shirye nake in faɗi haka a gaban kowa."

Ta ce, "Za ka faɗa, ni ma zan faɗi nawa, don ni na sa hannu ban tambaya ba. Amma ka riƙe wannan, ƙanena: kama da wane ba ta wane. Ranar farko na sa ka ɗebe jadawali daga jadawali ka ga sifili da idonka. Wannan karon wa ya auna maka kusancin?"

Ba kowa. Zato na yi.

Ban daina ɗori ba, don barinsa wauta ce, kuma ba mu da awannin da za mu koma gidan jiya. Abin da na sauya shi ne na daina yarda da dangantaka sai da shaida. Dokar tsayawa ta koma duba gangaren da ke ƙarƙashin ƙafa, ba girman takin da aka yi ba. Duk injin da makanikai suka taɓa, a daren za a goge amsarsa ta jiya a fara daga tushe, wanda ya sa dole na koyi zuwa wurinsu ina karanta littafin aikinsu, abin da a da nake ganin bai shafe ni ba. Kowane dare kuma kwamfuta kan zaɓi na'urori 30 da ka, ta warware su ta hanya biyu, ɗori da tushe, ta kwatanta.

Darasin ya sake dawo mini ta wata ƙofa lokacin da aka kafa sababbin na'urori waɗanda ba su tara bayanai ba. A nan ba aikin lissafi kawai ake rabawa ba, ilimin kansa ake rabawa: a warware matsalolin a tare, a ɗan jawo amsar kowace zuwa ga matsakaicin 'yan uwanta, mai ƙarancin bayani ta jingina da masu yawa. Yana da tushe mai ƙarfi. Charles Stein ya nuna a 1956, shi da James suka ƙarasa a 1961, cewa in kana ƙiyasin abubuwa uku ko fiye a lokaci guda, irin wannan jawowar na rage jimillar kuskure. Kalmar da na ja wa layi a wannan karon ita ce jimilla. Taron ne ke cin riba, ba lallai kowane ɗaya ba. Muna da wani tsohon inji ƙirar wani kamfani daban, halinsa ba irin na sauran ba ne, kuma da na haɗa shi da su hasashensa ya fi na da muni, alhali jimillar tana nuna ci gaba. Da jimillar kaɗai na kalla da na sake faɗawa ramin da na fito. Na cire shi daga taron, shi kaɗai ake warware masa tasa har yau, makanikai na tsokanata wai na ware maraya.

Malama ta yi ritaya shekara biyu da suka wuce, kujerarta ce nake kai yanzu. Gwajin na'urori 30 yana nan yana gudana, kuma yawancin safiya babu abin da yake nunawa, amsoshin biyu sukan zo daidai har in ji kamar ɓata wutar lantarki ake yi. Wani sabon ma'aikaci ma ya kawo shawarar a cire shi don a rage lokaci, na ce ya bari tukuna. A makon jiya na'ura ta 417 ta fito da ja: ɗori ya ba da amsa ɗaya, tushe ya ba da wata. Na duba littafin makanikai, babu wanda ya rubuta ya taɓa injin. Na sa hular kwano na sauka ƙasa tare da yaron da ya kawo shawarar. Muka tarar wani ya kwance na'urar lokacin fenti, ya mayar da ita kamar taƙi ɗaya daga inda take, a kan murfi maimakon jikin injin. Yaron ya durƙusa ya ɗauki hoton wurin, ni kuma na tafi neman wanda ke riƙe da sifana.